Mastas ko dokta a fannin simuleshin na kwamfuta: wace hanya za ka bi?

Tambayar da na fi samu daga masu shirin komawa karatu ita ce wai wace jami'a ce ta fi kyau a fannin simuleshin, wato kwaikwayon abu a cikin kwamfuta don a ga yadda zai kasance, ni kuma kullum sai na mayar musu da tambaya, simuleshin ɗin me? Domin kalmar ɗaya ce amma gidajen da ke ƙarƙashinta da yawa, kuma wanda ya shiga gidan da ba nasa ba zai sha wahalar shekara biyu ko biyar ya fito da takarda mai kyau amma ba abin da ya je nema ba. Don haka kafin mu zo kan kuɗi da biza bari mu fara warware wannan.

Akwai masu kwaikwayon abubuwan zahiri, wato yadda iska ke bi ta kan fiffiken jirgi, yadda zafi ke yawo a cikin inji, yadda gada ke lanƙwasa in an ɗora mata nauyi, yadda hadari ke haɗuwa, yadda ƙwayar magani ke manne wa furotin. Waɗannan lissafinsu difarenshiyal ikweshin ne, suna yanka abin da suke nazari gunduwa-gunduwa kamar raga sannan kwamfuta ta warware kowane ido na ragar, kayan aikinsu su ne irin su OpenFOAM da ANSYS da Abaqus da COMSOL, masu ƙwayoyi kuma GROMACS da LAMMPS, masu yanayi WRF. Gidan tsoho ne, tun 1950 Jule Charney da John von Neumann da abokan aikinsu suka yi hasashen yanayi na farko da kwamfutar ENIAC, kuma lambar Nobel ta kemistiri ta 2013 da rabin ta fiziks ta 2021 duk masu irin wannan aikin ne suka ɗauka. Sai gida na biyu, masu kwaikwayon layi da tsari, marasa lafiya nawa za su jira a asibiti in an ƙara likita ɗaya, kwantena nawa tashar jiragen ruwa za ta iya saukewa a yini, ina ne kaya ke maƙalewa a masana'anta. Su lissafin yiwuwa da ƙididdiga suka fi ci, da dabarar Monte Carlo, wato maimaita gwaji sau da yawa da lambobin ƙuri'a, wadda Stanislaw Ulam da von Neumann suka ƙirƙiro a Los Alamos a shekarun 1940, suna aiki da Arena da Simio da AnyLogic da SimPy. Kusa da su akwai masu saka dubban mutane na bogi a kwamfuta kowa da halinsa don a ga yadda annoba ko cunkoson motoci ke yaɗuwa. Gida na ƙarshe shi ne na'urorin horaswa, irin wadda matuƙin jirgin sama ke zama a ciki ya koyi sauka cikin guguwa ba tare da ya bar ƙasa ba, ko ta likitocin tiyata da sojoji.

In ka san gidanka, to rabin zaɓin ya ƙare.

Abubuwan da nake aunawa

Na farko kuɗi, kuma ba kuɗin makaranta kaɗai ba, har da na zama da inshorar lafiya da shekarun da za ka yi ba ka karɓar albashi. Na biyu ƙarkon ilimin, wato bayan shekara goma abin da aka koya maka zai ci gaba da yi maka aiki ko ya tafi tare da manhajar da aka daina yayi. Na uku sauƙin shiga da sauƙin fita, don akwai shirin da shigarsa ba wuya amma fitarsa sai an yi da gaske, akwai kuma akasin haka. Na huɗu kasada, me zai iya lalacewa a hanya kuma in ya lalace me za ka tsira da shi. Na biyar kuwa wanda mutane suka fi mantawa, malami da na'ura. A wannan fannin in babu babbar kwamfuta da za ka tura aikinka, babu kuma malamin da ke da matsala ta gaske a hannunsa, to karatun allo kawai za ka yi.

Bari in tsaya kan maganar ƙarko don ita ce ta fi damuna. Lokacin da na fara wannan harka na taɓa yin kwaikwayon ruwa mai zafi a cikin bututu, na kwana biyu ina fama, hoto ya fito ja da shuɗi gwanin sha'awa, na kai wa malamina ina murna. Bai ko ƙura wa hoton ido ba ya ce min in ka ninka idanun ragar sau biyu amsar za ta tsaya a inda take? Na koma na ninka, na tura aikin ya shiga layi, da safe na buɗe sai ga zafin da nake aunawa a bakin bututun ya sauya sosai, na sake ninkawa ya sake matsawa. Ashe hoton da na kai ba amsa ba ce, kuskuren ragata ne aka yi wa fenti. Daga ranar na gane bambancin wanda ya iya danna manhaja da wanda ya san abin da ke faruwa a cikinta. Kuma abin ba wasa ba ne, a watan Agustan 1991 gindin kankare na dandalin haƙar mai na Sleipner A ya nutse a wani mashigin teku kusa da Stavanger a Norway lokacin gwaji, bincike ya nuna lissafin kwamfutar da aka yi ya rage ƙarfin matsin da ke kan wasu bangaye da kusan kashi 47 cikin 100 saboda yadda aka tsara ragar. Shirin karatun da bai koya maka yadda za ka tuhumi amsarka ba, ya tantance ko an warware lissafin daidai da kuma ko lissafin ya dace da zahiri, wallahi bai ba ka komai mai ƙarko ba ko da sunan jami'ar ya cika duniya.

Mastas na shekara biyu a nahiyar Turai

Wannan ita ce hanyar da na fi nuna wa wanda ya gama digirin farko a injiniyanci ko fiziks ko lissafi kuma bai tabbatar ko zai yi dokta ba. Jamus ce cibiyarta, RWTH Aachen na da shiri mai suna Simulation Sciences da Turancin Ingilishi kuma tana da alaƙa ta kusa da cibiyar bincike ta Jülich, inda aka kafa JUPITER, babbar kwamfutar farko a Turai da ta kai matakin eksasikel a 2025, wato lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa ɗaya. TUM, jami'ar fasaha ta Munich, na da Computational Science and Engineering, ga cibiyar manyan kwamfutoci ta LRZ a Garching kusa da ita, Stuttgart na da shirin COMMAS ga masu kanikancin kaya da gine-gine ga kuma cibiyar manyan kwamfutoci ta HLRS. A wajen Jamus akwai Computational Science a Amsterdam, da shirin haɗin gwiwa na COSSE tsakanin KTH a Stockholm da TU Berlin da TU Delft, da ETH Zurich da EPFL a Suwizalan.

Kuɗi dai a yi hankali, maganar da ake yawo da ita cewa karatu kyauta ne a Jamus gaskiya ce amma ba ko'ina ba. Yawancin jami'o'in gwamnati kuɗin zango kawai ake biya, ɗari kaɗan na Yuro, Aachen na cikin waɗannan. Amma jihar Baden-Württemberg inda Stuttgart take tana karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba tun 2017, TUM kuma ta fara karɓa daga zangon hunturu na 2024, mastas Yuro 4,000 ko 6,000 a zango gwargwadon fanni. Sannan kafin a ba ka biza sai ka nuna kuɗin zama na shekara, kusan Yuro 12,000 a asusun da ake kullewa ana sakar maka kaɗan-kaɗan kowane wata. Holan da Suwidin suna cajin baƙi kuɗi mai nauyi sai dai in ka samu sikolashif, ETH ma ta ninka kuɗin baƙi sau uku daga 2025 duk da har yanzu abin da ya fi cin aljihu a Zurich haya ce ba makaranta ba.

Ƙarko kuwa nan ne ta fi ƙarfi, za a dafa ka a lissafin lambobi da liniya aljabara da rubuta kod na raba aiki wa dubban injina da kayan aiki irin su MPI da OpenMP, sannan wata shida cur na kundin bincike a ƙarshe, sau da yawa a cikin wata cibiya ko kamfani. Shiga ba ta da wuya sosai in takardar makinka ta nuna isassun darussan lissafi, don suna ƙirga darasi ɗaya bayan ɗaya, in ka gaza a adadin da suke so za su ƙi ka ko da ka fita da daraja ta ɗaya. Fita ce aiki. Jarrabawa ɗaya a ƙarshen zango ita ce makinka gaba ɗaya a darussa da yawa, kuma a jami'o'i da dama in ka faɗi darasin dole sau uku an sallame ka daga shirin, ga shi babu mai bin ka yana tambaya ko ka yi karatu. Mutane da yawa shekara biyun na zama musu biyu da rabi ko uku, kowane ƙarin zango kuma ƙarin kuɗin zama ne. Abin daɗin shi ne bayan ka gama Jamus na ba ka izinin zama na wata 18 don neman aiki, amma fa ka koyi Jamusanci tun kana aji, kamfanonin injiniyanci da yawa da shi suke magana a ofis.

Mastas na shekara ɗaya a Birtaniya, da mastas na biya a Amurka

Ba zan daɗe a nan ba. Akwai masu kyau ƙwarai, musamman na EPCC, cibiyar manyan kwamfutoci ta jami'ar Edinburgh, wanda ya maida hankali kan sarrafa manyan kwamfutoci, kuma su ne ke riƙe da ARCHER2, na'urar ƙasa ta Birtaniya, don haka waɗanda ke koya maka su ne masu aikin da hannunsu. Matsalar kuɗi ce da lokaci. Kuɗin baƙo sau da yawa ya haura fam dubu 25, a manyan jami'o'i ma ya wuce dubu 35, a Amurka in ka haɗa makaranta da zama dala dubu 50 zuwa sama a shekara ba abin mamaki ba ne. Wata goma sha biyu kuma gajere ne, zango biyu na aji sai wata uku na kundi, kafin ka saba da sanyi an fara maganar neman aiki. Ga wanda ya riga ya iya lissafinsa da kod ɗinsa yana son ya ƙara kaifi da sauri, ko wanda ma'aikatarsa ko wata sikolashif ta biya masa, hanya ce mai kyau. Amma wanda zai ci bashi ko a sayar da kadara a gida don ya yi ta, alhali burinsa dokta ne, ni dai ban ba shi shawara ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dokokin zama bayan karatu ma suna sauyawa da sauyin gwamnati, ka duba abin da ake ciki a shekarar da za ka nema.

Dokta mai biyan ka

Nan fa abin ya juye, kai ake biya. A Amurka shirin dokta na kirki a wannan fanni yana ɗauke maka kuɗin makaranta ya kuma ba ka alawus, yawanci dala dubu 30 da wani abu a shekara gwargwadon gari, kai kuma kana taimakawa da koyarwa ko bincike. Cibiyar Oden a jami'ar Texas da ke Austin na cikin na gaba-gaba, ga cibiyar manyan kwamfutoci ta TACC a gefenta mai na'urar Frontera, akwai cibiyar ICME a Stanford, akwai makarantar Computational Science and Engineering a Georgia Tech, MIT ma na da nata. Ana iya shiga kai tsaye da digirin farko, shekara biyar zuwa shida, shekara biyun farko aji ne da jarrabawar tantancewa. Wasu ɗalibai na samun zuwa ɗakunan binciken ƙasa irin su Oak Ridge inda Frontier take, wadda ita ce ta fara tsallake matakin eksasikel a 2022.

A Jamus da Holan da Suwidin tsarin daban ne, yawanci sai kana da mastas, kuma ba ɗalibi ake ɗaukar ka ba ma'aikaci ne kai, ana tallata gurbi kamar yadda ake tallata aiki, da kwantiragi da hutu da fansho. A Jamus masu injiniyanci da kwamfuta sukan samu cikakken albashin matakin E13 na ma'aikatan gwamnati, masu fiziks da kemistiri kuma sau da yawa rabi ko kashi uku cikin huɗu. Shekara uku zuwa biyar. Sai jami'ar KAUST a Thuwal ta Saudiyya, wadda aka buɗe a 2009, karatu da Turanci, tana ɗaukar nauyin makaranta da masauki da lafiya ta kuma ba da alawus tun daga mastas, tana da shirin lissafi da kimiyyar kwamfuta mai ƙarfi da na'urar Shaheen. Ina mamakin yadda mutane ke tsallake ta a lissafinsu.

Kasadar dokta ba ta kuɗi ba ce, ta mutum ce. Rayuwarka ta shekara biyar tana hannun malami ɗaya, in ya zama mai haƙuri mai lokaci ka ji daɗi, in ya zama wanda ba a ganinsa sai a taro ko wanda tallafinsa ya yanke a shekara ta uku ko ya koma wata jami'a, to za ka ji jiki. Na san wata baiwar Allah da ta yi shekara biyu tana gina kod a kan wani tsohon shiri da ɗalibin da ya gabace ta ya bari babu bayani ko layi ɗaya, duk sanda ta tura aiki ya jira kwana guda a layi sai ya dawo da shafi cike da NaN, wato lissafin ya fashe babu lamba, malamin kuma amsarsa ɗaya ce, a da ai yana aiki. Sai da ta canza malami sannan ta gama. Don haka kafin ka amsa tayi ka rubuta wa ɗalibansa na yanzu da waɗanda suka gama, ka tambaye su sau nawa yake zama da su a wata, shekara nawa ake yi kafin a fita, ina waɗanda suka fita suke yanzu, da kuma awa nawa ƙungiyar ke da shi a babbar na'ura. In duk suka yi shiru ko suka amsa da taka-tsantsan, wannan ma amsa ce. Shiga kuwa ita ce mafi wuya a duk hanyoyin, ba maki kaɗai ake dubawa ba, ana son a ga ka taɓa bincike, da wasiƙun malaman da suka san aikinka da gaske, da ɗan aikin da ka ajiye a GitHub, shafin ajiye kod, wanda wani zai iya saukewa ya kunna. Ga ɗaliban Afirka masu lissafi da fiziks, mastas ɗin shekara ɗaya na AIMS, cibiyar kimiyyar lissafi ta Afirka, wanda ake ɗaukar nauyinsa gaba ɗaya ya zame wa mutane da yawa tsani zuwa irin waɗannan guraben.

Shirye-shiryen da sunansu kansa Modeling and Simulation ne

Waɗannan su suka fi ruɗar mutane saboda sunan ya yi daidai da abin da suka rubuta a Google. Old Dominion a jihar Virginia da jami'ar Central Florida a Orlando su ne aka fi sani, dukkansu na ba da mastas da dokta, kuma cibiyar simuleshin da horaswa ta Orlando tun 1982 take. Suna da ƙarfi a gida na biyu da na ƙarshe, layi da tsari, sufuri, kiwon lafiya, na'urorin horaswa, da yadda ɗan Adam ke mu'amala da su. In burinka iskar jirgi ce ko yanayi to ba nan ba ne. Ga wani abu kuma da ya kamata baƙo ya sani tun wuri, kaso mai yawa na ayyukan da ke kewaye da waɗannan wurare na tsaro ne, kuma irin wannan aikin yana buƙatar zama ɗan ƙasa da takardar amincewar tsaro, don haka kasuwar da ake nuna maka a talla ba duka ce taka ba. Wanda layi da tsari ke burge shi ya kuma duba sassan injiniyancin masana'antu da binciken gudanarwa, da yawa daga cikin masu gabatar da takardu a Winter Simulation Conference daga can suke fitowa.

Mastas ta intanet

Georgia Tech ta buɗe OMSCS, mastas ɗinta na kimiyyar kwamfuta ta intanet, a 2014, kuma har yanzu ana iya gama shi gaba ɗaya da ƙasa da dala dubu 10, takardar kuma ta jami'ar ce sak. Akwai darasin simuleshin mai kyau da na sarrafa manyan kwamfutoci a cikin jerin darussansu na intanet, EPCC ma na da nata shirin na nesa duk da ya fi tsada. Ba ka barin aikinka, ba ka barin iyalinka, in ka ga ba za ka iya ba asararka kaɗan ce. Shiga da sauƙi, amma haɗa shi da aikin yini abu ne mai cin rai, darasi ɗaya na iya cinye maka awa 15 zuwa 20 a mako. Abin da ba ya bayarwa shi ne bincike na kusa da malami, da biza, da wasiƙar shaida mai nauyi, don malamin da ke da ɗalibai ɗaruruwa a aji bai san ka ba. Ga injiniyan da ke aiki ya isa, ga mai son dokta sai ya ƙara da wani abu.

Ko ka zauna a fanninka

Wannan ba a cika lissafa shi a zaɓi ba amma ni a wurina babba ne. Mafi yawan masu simuleshin a duniya takardarsu ba ta ɗauke da kalmar ko kaɗan, dokta ne a injiniyan kanikanci ko kemistiri ko kimiyyar yanayi ko nazarin annoba, kawai sun shiga ƙungiyar malamin da kwamfuta ce ɗakin gwajinsa. Ribarsa ka san abin da kake kwaikwaya, in amsa ta fito ba daidai ba hancinka zai jiyo, kuma kasuwar aikinka a bayyane take. Rauninsa ana iya barin ka ka zama mai danna manhaja kawai, sai ka tashi da kanka ka je sashen lissafi ka ɗauki darussan lambobi, ka koyi Python da C++ ko Fortran yadda ya kamata, ba jiran a sa ka ba.

| Hanya | Kuɗi | Tsawon lokaci | Ƙarkon ilimi | Shiga da fita | Babbar kasada |
|---|---|---|---|---|---|
| Mastas a nahiyar Turai | Makaranta kaɗan ko matsakaici, zama a kanka | Shekara 2 zuwa 3 | Sosai | Shiga matsakaici, fita da wuya | Faɗuwa jarrabawa, kuɗi su ƙare |
| Mastas a Birtaniya ko na biya a Amurka | Mai tsada ƙwarai | Shekara 1 zuwa 2 | Matsakaici zuwa sosai | Shiga da sauƙi in da kuɗi | Bashi, sauyin dokar biza |
| Dokta mai biya | Kai ake biya | Shekara 3 zuwa 6 | Mafi zurfi amma siriri | Shiga da wuya ƙwarai | Malami, yankewar tallafi |
| Modeling and Simulation | Tsada sai in ka samu tallafi | 2 mastas, 4 zuwa 5 dokta | Mai kyau a layi da horaswa | Matsakaici | Ayyukan tsaro ba na baƙo ba |
| Ta intanet | Mafi araha | Shekara 2 zuwa 4 | Matsakaici | Shiga da sauƙi, jurewa da wuya | Rashin bincike da malami |
| Zama a fanninka | Ya danganta da wurin | Kamar mastas ko dokta | Sosai in ka ƙara lissafi | Mafi sauƙi gare ka | Zama mai danna manhaja |

Wani zai ce to ina amfanin duk wannan tunda ƙirƙirarriyar basira ta zo. Gaskiya ne a 2023 GraphCast na Google DeepMind ya nuna zai iya hasashen yanayi na kwana goma cikin ƙasa da minti ɗaya, amma a tuna da bayanan yanayi na ERA5 na ECMWF, cibiyar hasashen yanayi ta Turai, aka horas da shi, su kuma waɗannan bayanan da modal ɗin lissafi na gargajiya aka haɗa su da ma'aunai na shekaru masu yawa. Har yanzu sai an samu wanda zai samar da bayanan horaswa, da wanda zai ce wannan amsar ta saɓa wa dokar fiziks. Abin da zan ce shi ne ka zaɓi shirin da ya bar maka gurbin darasi biyu ko uku na koyon na'ura da aiki da GPU, wato katin kwamfuta mai yin lissafi da yawa a lokaci ɗaya, amma kada ka sayar da lissafin lambobi saboda su.

To wa ya dace da me? In kana da digirin farko mai lissafi da yawa, kana da abin da zai riƙe ka shekara biyu, kuma ba ka yanke tsakanin kamfani da jami'a ba, ka nemi mastas a Jamus, ka fara da jihohin da ba a biyan kuɗin makaranta, ka duba jerin darussan da suke buƙata ka gwada da takardar makinka kafin ka kashe kuɗin nema. In ba ka da kuɗi ko kaɗan amma kana da maki mai kyau da ɗan bincike a hannu, kada ka ɓata lokaci kan mastas na biya, ka nufi dokta a Amurka kai tsaye ko KAUST, ka nemi wurare shida zuwa goma don ba a dogara da ɗaya. In kana da mastas tuni kuma kana da iyali, guraben dokta masu albashi na Jamus da Holan da Suwidin sun fi maka kwanciyar hankali. In kana aiki a masana'anta ko asibiti ko harkar jigilar kaya kana son ka daina yanke shawara da ka, mastas ta intanet mai darasin simuleshin da ƙididdiga ta wadatar, ko shirin injiniyancin masana'antu in za ka iya barin aiki. In wata hukuma ta ce za ta biya maka komai amma shekara ɗaya kacal ta ba ka, Edinburgh da ire-irenta. In na'urorin horaswa ne suka shiga ranka, Orlando ko Virginia, bayan ka tambaye su ƙarara ina ɗalibansu baƙi suke samun aiki. Wanda kuma yake son fanninsa na asali har zuciya, ruwa ne ko ƙasa ko cuta ko ƙarfe, ya zauna a ciki ya nemo malamin da takardunsa uku na ƙarshe suka burge shi, ya karanta ɗaya daga ciki da kyau, ya gwada maimaita hoto ɗaya daga cikinta a kan laftof ɗinsa da manhaja ta kyauta, sannan ya rubuta masa gajeriyar wasiƙa ya haɗa da abin da ya samu da wurin da ya maƙale.